Tayar Babur: Araha Ba Ta Ado

Duk nauyin babur da na mahayinsa yana kan ɗan wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda bai wuce tafin hannu ba. Saboda haka zaɓen taya ba abin wasa ba ne, musamman ga 'yan acaɓa masu yini bisa titi.

Taya mai taushin roba ta fi kama kwalta, amma tana saurin cinyewa. Mai tauri kuwa tana jimawa, sai dai da damina takan zame in an taka burki. Mai bin hanyar ƙauye, gara ya nemi mai manyan haƙora.

Kafin a biya kuɗi, a duba lambobi huɗu da ke gefen taya. Alal misali, 2423 na nufin an yi ta a mako na 24 na shekarar 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗi game da tayar da ta wuce shekara 4, domin roba na bushewa ko tana ajiye a kanti.

Tayar gwanjo kuwa, rangwamen da aka samu wurin sayenta, sau da yawa a asibiti ake biyansa.