Daga Kasuwar Barci zuwa dutsen Shere: Wace shimfiɗa matafiyi zai goya?

A duk lokacin da hutun ƙarshen shekara ya gabato, nakan lura da wani abu a Kasuwar Barci da ke Tudun Wadan Kaduna. Matasa ne za ka gani suna shigowa da takarda a hannu, wasu ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke nan unguwar, wasu 'yan agajin ƙungiyoyin addini, wasu kuma 'yan Sikawut, kowa na neman kayan da aka ce ya zo da su sansani. Mutum zai ɓata awa guda yana gwada takalmi, ya ɗaga jakar goyo ya juya ta, ya yi cinikin bargo kamar za a yi faɗa. Amma da zarar an zo kan abin da zai shimfiɗa ya kwanta, sai ka ji ya ce wa mai kaya: "Malam, ba ni kowace iri, ai kwana uku ne kawai."

Dattawan unguwa suna ba da labarin cewa kasuwar ta samo sunanta ne tun a shekarun 1970, sa'ad da aka maido 'yan kasuwa wurin domin a sake gina babbar kasuwar Kaduna, ciniki ya yi ƙaranci har masu rumfuna suka riƙa sharar barci da rana tsaka. To, abin ban dariya ne a ce a kasuwar da ke ɗauke da sunan barci ake yi wa kayan barci wannan riƙon sakainar kashi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiya ne idan baƙo aka yi. Amma wanda dare ya raba yana kwance a gindin dutse cikin watan Disamba, babu fuskar da za ta yi masa maganin sanyi.

Ni kaina da wahala na koyi wannan darasi. Wata shekara na raka wasu ɗalibai zuwa tsaunukan Shere da ke gefen Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800 daga doron teku, wato kusan ninki uku na tudun da Kaduna take kai. Na tafi da barguna biyu masu kauri da wata katifar iska da na saya a gwanjo, ina ta yi wa abokan tafiya fankama da ita. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na farka na ji ƙuguna a kan dutse: iska ta tsiyaye kaf. Na rufa da bargo ɗaya, na shimfiɗa ɗayan, duk da haka haƙorana suka yi ta kaɗawa har asuba. Wani dattijo direba da ya kawo mu kuwa, wanda ya kwanta a kan buzu da kwali biyu a ƙarƙashinsa, sai da aka tashe shi salla. Da safe na duba katifar, na tarar da ƙaya guda, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne, yawancin sanyin da ke damun mai kwana a fili daga ƙasa yake zuwa, ko a ce ɗumin jikinsa ne ƙasa ke zuƙewa. Jikin ɗan Adam yana kan zafin digiri 37, ƙasa ko dutse ko daɓen siminti kuwa sun fi shi sanyi ƙwarai da dare, kuma duk inda abu mai zafi ya taɓa mai sanyi, zafin yakan gudu zuwa mai sanyin. Bargo ba shi da wutar kansa. Aikinsa kawai shi ne ya tsare iska a tsakanin zaruruwansa, ita kuwa iskar da ba ta motsi ba ta saurin wuce da zafi. Idan ka kwanta a kan bargon, nauyinka ya matse shi, iskar ta fice, sai ya koma kamar zane. Shi ya sa mutum zai lulluɓa da barguna uku amma gefen da ya kwanta a kai ya yi sanyi ƙalau. Idan ƙasar tana da danshi kuma, lamarin ya ƙara muni, domin ruwa ya fi iska saurin jan zafi fiye da ninki 20.

Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun sani. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja suna sayo goro, suna shafe watanni daga zango zuwa zango, da malamai da almajiran da ke tafiya gabas neman karatu, buzu ne abokin tafiyarsu. Gashin tunkiya ko na rago yana da lanƙwasa da tsauri, ba ya kwanciya gaba ɗaya ko an danne shi, saboda haka yana riƙe iska, fatar kuma tana tare ƙaya da tsakuwa. Aibinsa uku ne: gajere ne, yana da nauyi idan aka kwatanta da girmansa, kuma idan ya jiƙa yakan daɗe bai bushe ba, ga wari. Tabarmar kaba kuwa, wadda ake saƙawa da ganyen goriba, kayan bazara ce. Tana barin iska ta ratsa, tana raba jiki da ƙura, amma ba ta hana sanyi. Ta roba da ta cika kasuwanni yanzu ta fi ta jure ruwa da sauƙin wanki, sai dai wajen ɗumi duk kanwar ja ce.

Shimfiɗun zamani da ake yi musamman domin masu yawon daji kashi uku ne. Na farko shi ne falle na soso mai rufaffen ido, wato wanda kowane ɗan ƙurjin iska da ke cikinsa a toshe yake, ba ya haɗuwa da na kusa da shi. Kaurinsa bai fi santimita ɗaya zuwa biyu ba, nauyinsa kimanin giram 400, ana naɗe shi ko a ninke shi a ɗaure a bayan jaka. Ba ya shan ruwa, kuma ko ƙaya ta soke shi babu abin da ya ragu. Kada a rikita shi da soson katifar ɗaki, wanda idonsa a buɗe yake: wannan da ya sha raɓa ya zama kayan wahala, kuma yakan lotse har ƙashi ya taɓa ƙasa. Na biyu katifar iska ce zalla, wadda ake hurawa da baki ko da famfo. Ta fi kowace taushi, kuma idan an sace iskar takan koma kamar gorar ruwa a cikin jaka. Na uku gauraye ne, soso a cikin rigar da iska ba ta fita, idan an buɗe bakinta sai ta ja iska da kanta. Wasu injiniyoyi ne da suka yi aiki a kamfanin jiragen sama na Boeing suka fito da ita a birnin Siyatil na Amurka a farkon shekarun 1970, da sunan Therm-a-Rest.

A jikin masu kyau daga cikinsu akan rubuta harafin R da lamba a gefensa. Wannan lamba ita ce ma'aunin yadda shimfiɗar ke hana zafi wucewa, kuma tun daga shekarar 2020 manyan kamfanoni suka koma kan hanyar awo guda: a sanya shimfiɗar tsakanin faranti mai zafin digiri 35 da wani mai digiri 5, a ga yawan wutar da ake buƙata kafin na saman ya ci gaba da riƙe zafinsa. Katifar iska da babu komai a cikinta ba ta cika wuce R 1 ba, duk da kaurinta, domin iskar da ke ciki tana zagayawa tana kai ɗumi ƙasa. Falle mai rufaffen ido yakan kai wajen R 2. Masu R 4 zuwa 5 ko fiye an yi su ne domin kwana a kan ƙanƙara, kuma duk wanda ya zuba kuɗinsa a kansu don zuwa Kajuru ko dutsen Kufena na Zariya ya yi almubazzaranci. A ganina R 2 ya ishi mai kwana a ƙasar Kaduna ko da hunturu, wanda zai hau Filato ko Mambila kuma ya nemi ƙari kaɗan. Abin daɗin shi ne lambobin suna haɗuwa: idan ka ɗora shimfiɗa a kan wata, ɗuminsu ya taru. Hikimar direban nan da kwalayensa ke nan.

Sai dai akwai abin da lambar R ba ta faɗa, wanda kuma shi ne ya fi shafarmu. Masu ƙera waɗannan kaya suna da dazukan Turai da Amurka a zuciyarsu. Tamu ƙasar ta tsidau ce da ƙarangiya, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, da guntayen karan dawa da aka sare suka bar tsini kamar mashi. A irin wannan wuri katifar iska amana ce da ba ta da tabbas. Ana iya yi mata faci, kamar yadda ake yi wa tayar keke, amma neman huda da tocila cikin dare aiki ne da ba na yi wa kowa fatarsa. Saboda haka ra'ayina, wanda na san wasu masu son taushi ba za su yarda da shi ba, shi ne ɗalibi ko ɗan agajin da kuɗinsa bai wuce na abu ɗaya ba ya sayi falle mai rufaffen ido, ya haɗa da yankin tamfol ko buhun shinkafa da aka farke, ya shimfiɗa a ƙasa. Mai ciwon baya ko dattijon da ƙashinsa ba ya jure tauri shi ne ke da uzurin katifar iska, shi ma da sharaɗin ya share wurin da kyau, ya sa wani abu a ƙarƙashinta.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka wannan magana ta 'yan yawon shaƙatawa ce kaɗai. Matsalar tsaro ta rage masu kwana a daji don nishaɗi a wannan jiha, amma masu kwana a ƙasa don dole ba su ragu ba. Akwai masu jinya da ke kwana a barandar asibiti, da masu i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan, da masu zuwa wa'azin ƙasa da maulidi a garuruwa masu nisa, da direbobin manyan motoci. Daɓen siminti ya fi turɓaya zuƙe ɗumi, kuma yara ƙanana da tsofaffi sun fi kowa saurin jigata da shi. Akwai kuma alhazai, waɗanda ke kwana a Muzdalifa a fili bayan saukowa daga Arfa. A 'yan shekarun nan aikin Hajji yana faɗowa cikin zafi, don haka taurin ƙasa da zafin da ta sha da rana ne damuwarsu, kuma falle marar nauyi yana maganin duka biyun. Tunda shekarar Musulunci tana ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, lokaci na zuwa da sanyin dare zai dawo cikin lissafinsu.

Game da girma, yawancinsu ana yanka su ne a kan faɗin santimita 51 da tsawon santimita 183. Mai faɗin kafaɗa ko mai yawan juyi zai ga hannuwansa suna zubowa ƙasa, sai ya nemi mai faɗi. Tsawo kuwa ana iya yin rangwame a kansa. Abin da ya wajaba shi ne shimfiɗar ta ɗauki kafaɗa zuwa gwiwa, ƙafafu a ɗora su a kan jaka, riga a naɗe ta zama matashi. Wanda zai yi tafiyar ƙasa ta yini guda da kaya a bayansa zai gane darajar kowane giram da ya rage; wanda mota za ta sauke shi a bakin tanti, ya ɗauki katifar audugar rimi ma idan ya ga dama.

A kasuwa, kada kunya ta hana ka gwaji. Ɗiga ruwa a kan soson: idan ya tsaya ya gangare, rufaffen ido ne, idan ya nutse, ajiye shi. Matsa shi tsakanin yatsu biyu da ƙarfi, mai kyau ba zai bari yatsun su haɗu ba. Katifar iska ta gwanjo kuwa, roƙi mai kaya ya bari ka hura ta, ka ɗora mata wani abu mai nauyi, ka je ka gama sauran sayayyarka ka dawo. Bincika ɗinkin gefe da bakin hurawa, domin nan suka fi yoyo, kuma nan facin ya fi wuya. Duk abin da ka saya na hannu, ka shanya shi a rana yini guda kafin ya shiga ɗakinka saboda kuɗin cizo. A tuna kuma shimfiɗa ba ta hana kunama hawa, ba ta korar sauro, don haka gidan sauro da kakkaɓe takalmi da safe suna nan daram.

Kwanakin baya na ga wani yaro, da alama ɗan sakandare ne, yana wannan gwaji na ruwa a wata rumfa, mai kayan yana kallonsa da mamaki. "Ɗan samari, wa ya koya maka wannan?" in ji shi. Yaron ya ce yayansa ne, wanda ya kwana uku a sansani bara a kan jiƙaƙƙiyar katifa. Mai kayan ya yi dariya, ya shiga ciki ya zaro wani falle shuɗi daga ƙarƙashin tarin barguna, ya ce wannan ya fi wata shida a ajiye, ba wanda ya taya.