Sayen ordinatar: ranar da aboki ya ce «zaɓa mini»

Sanin kowa ne cewa a kowace unguwa ta Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai akwai mutum guda da ake ce ma «ya san ordinatar». Galibi ma'aikacin gomnati ne ko malamin lakkwal, wanda saninsa bai wuce buga wasiƙa da jera lissafi a buro ba, amma da yake ya ɗara maƙwabta, gare shi ake zuwa. Ranar da abokinsa ɗan kasuwa ya aje mashi kuɗɗi a gaba ya ce ya zaɓa mashi, ranar ce ya ɗauki kaya mai nauyi, domin tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In na'ura ta yi kyau, albarkar mai kuɗɗi ce. In ta lalace, ai Mushe ne ya zaɓa.

Ga misali irin wanda ake gani kullum. Wani Elhaji mai saida shinkafa da mai da makaroni a babbar kasuwar Maraɗi ya shekara da shekaru yana riƙe da bashin ƴan sari cikin manyan littattafai. Yaron shagon da ke rubuta su ya bar aiki, aka wayi gari ba mai iya karanta hannunsa, wasu basussuka suka bi ruwa. Sai Elhaji ya tafi wajen tsohon abokinsa, wanda suka zauna benci guda a lakkwal kafin a fidda shi a kai shi kasuwa.

«Malam, ga jika 200. Ka saya mini mai ƙarfi, irin ta buronku.»

«Elhaji, mi za ka yi da ita?»

Wannan tambaya ita ce rabin aikin, kuma ita ce mafi yawan masu taimako suke tsallakewa, don ɗokin nuna sani. Da aka bi diddigi, buƙatar Elhaji ba ta wuce abu 3 ba: jerin masu bashi, lissafin kayan sito, da buga faktir ko wasiƙa zuwa buron lanfo. Aikin Excel da Word ke nan, kuma ba ya neman na'ura mai tsada. Ƙarfin da ake biya ma maƙudan kuɗɗi na masu zanen gine-gine ne da masu haɗa fim, sai yara masu wasanni. Ɗan Elhaji ya so a sayi ƙaramar nan da ake ninkewa a sa cikin jaka, amma abokin ya tsaya bisa ta tebur. Da kuɗɗi iri ɗaya ta tebur ta fi ƙarfi, in wani sashe ya mutu ana canza shi kaɗai, kuma ba ta bin yaro zuwa fada da dare da sirrin shago a cikinta. Aibinta guda ne, ba ta da batir.

Sabuwa ko ta hannu? Tun faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa suka saba da okaziyon, daga mota har firiji, kuma a fagen ordinatar ba abin kunya ba ne. Manyan kamfanoni da ma'aikatun Turai da Amurka suna sake na'urorinsu bayan ƴan shekaru, dillalai su saye tsofaffin a lodo su cikin kwantena. Su ne Dell OptiPlex, HP ProDesk da EliteDesk, da Lenovo ThinkCentre da ke jibge a shaguna. Da can mafi yawa ta tashar Kotonu suke shigowa. Bayan rufe iyakar Benin a 2023 ƴan kasuwa suka karkata zuwa Lome ta Burkina, hanya mai tsawo da tsada, mutanen Maraɗi da Damagaram kuwa dama Kano ce kusa gare su. An ƙera waɗannan na'urori don su wuni a kunne a buro, buɗe su ba wuya, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu. Sau da yawa sun fi sabuwar da ba a san sunan maƙerinta ba ƙarko.

To amma fa a nan tarkon yake. Mai shago zai nuna ƴar takardar da ke manne a gaban akwati ya ce «i7 ce, Elhaji, ba ta da sama». Elhaji kuwa ya san 7 ta fi 5, har ya fara laluben aljihu. Alhali abin dubawa shi ne lambar da ke biye da wannan suna, wadda take faɗin zamanin da aka ƙera ƙwaƙwalwar na'urar. A cikin i7-3770, lambar farko 3 ce, watau zubi na 3, na shekarar 2012. A cikin i5-8500 kuwa 8 ce, zubi na 8, na 2018, kuma duk da ƙaramin sunanta ta fi waccan sauri nesa ba kusa ba. Daga zubi na 10 lambobin sun zama 5, kamar i5-10500, sai a karanta biyun farko. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya tsira daga rabin cutar kasuwa.

Abin ya wuce maganar sauri. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, in ban da ƙarin wa'adi na shekara 1 ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuma ba ta amince da ƙwaƙwalwar Intel da ke ƙasa da zubi na 8 ba, sai ƴan ƙalilan. Saboda haka ma'aikatun ƙasashen waje suka yi ta rabuwa da na'urorin zubi na 6 da na 7 da na ƙasa da su, kuma ba sai an yi duba ba kafin a san kasuwannin da suke nufa. Masu gyara sun san dabarar cusa Windows 11 cikin tsohuwar na'ura, ta kuwa tashi ta yi aiki, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da toshe mata ƙofofin ɓarayi ba. Ga wanda zai buga wasiƙa kawai, ba tare da intanet ba, tsohuwar na iya isa in an rage kuɗɗinta sosai. Ga wanda zai buɗe saƙonnin banki da na abokan ciniki na Dubai, zubi na 8 shi ne mafi ƙanƙanta.

Sauran abu biyu na cikin akwati ba su da wuyar ganewa. RAM kamar faɗin tebur take: jiga 4 na ɗaukar Windows 11 da ƙyar, jiga 8 ta wadatar da shago. Rumbun ajiya kuma iri biyu ne, tsohon faifai mai juyawa, da SSD wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Mai shago zai yi ta kirarin faifai mai jiga 1000, amma SSD mai jiga 256 ya fi ma Elhaji amfani, domin na'urar za ta tashi cikin ƴan daƙiƙoƙi, kuma littattafan bashinsa na shekara 20 ba za su cika ko kusurwa guda ba.

Inda abokan biyu suka kusa ɓatawa shi ne wajen rabon kuɗɗin. Elhaji yana son jikkunansa duka su tafi cikin akwati da babban ekaran. Abokin ya ce sai an ware na ondilar, watau akwatin batir da ke riƙe wuta in an ɗauke kuran. Elhaji ya ga kamar ana ƙara mashi kashe kuɗɗi ne bisa abin da ba ya ko haske. Amma duk wanda ya zauna ƙasar nan a 2023 bai buƙatar dogon bayani. A watan Agusta na wannan shekara Najeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda a lokacin ita ce kaso mafi girma na abin da Nijar ke sha, har da layin Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram, ba a maido ta ba sai a Maris 2024. Ko ba rikicin siyasa, kowace bazara da nata ɗauke-ɗauken wuta. Na'urar tebur kuwa da an ɗauke take mutuwa nan take, da lissafin da ba a adana ba, kuma wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ce mai ƙona kaya. Ƙaramin ondilar ba ya kai mutum yamma, ƴan mintoci yake bayarwa a adana aiki a kashe lafiya. Batirinsa ba ya son zafi, kuma a garin da ma'auni ke wuce digiri 40 a watan Afrilu sai a sa ran canza shi da wuri. Ba a kuma jona mashi na'urar buga takardu mai aiki da leza, don ta fi ƙarfinsa.

Wannan ne ya sa abokin ya karkata ga ƙananan akwatunan nan masu girman littafi, waɗanda lambar ƙwaƙwalwarsu ke ƙarewa da harafin T, kamar i5-8500T. Wat 35 take ci a maimakon 65, ondilar ya fi jimawa da ita, kuma in wata rana Elhaji ya sa faifan hasken rana a shago ba za ta yi mashi nauyi ba. Ƙurar hunturu dai ba ta bar kowace iri ba. Akwati ya zauna bisa tebur, kada a aje shi ƙasa, a rufe shi da zane in an tashi, a kai a hure shi bayan hunturu.

Akwai ƙananan abubuwa da sai an kai gida ake tuna su. Kayan da suka biyo ta Kano da kilabiye na Ingilishi suke zuwa, wanda ake ce ma QWERTY, ba shi da é, è, à ko ç, kuma harufan A da Q sun yi musanyar wuri. Mai rubuta ma gomnati da faransanci AZERTY yake buƙata, kuma a shago ake neman canjin kafin a biya. Filoginsu ma mai ƙafa 3 ne irin na Ingila, ba ya shiga ramin bangon nan. Wasu tsofaffin akwatuna da suka fito Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. In yana bisa 115 aka jona shi da wutar nan mai bolt 220, ƙara guda za a ji, sai hayaƙi.

A shagon, abokin bai yarda da takardar da ke manne ba. Ya sa aka kunna na'urar, ya shiga inda Windows da kanta take faɗin sunan ƙwaƙwalwa da yawan RAM, ya gwada kowane rami da kile, ya bar ta a kunne har suka sha shayi, yana sauraren ƙarar fankarta. Ya nemi faktir mai ɗauke da lambar jikin akwati da kwanakin garanti a rubuce. Mai shago ya ja shi gefe ya raɗa mashi cewa nashi kason yana nan in an ɗauki waccan i7 ɗin. Al'ada ce da ta zama ruwan dare, kuma ita ce ke sa ƴan kasuwa da yawa suke zargin duk ɗan boko da ya raka su sayayya. Abokin ya ce a zabge kason daga kuɗɗin ondilar, a gaban Elhaji.

Aka kai kaya shago, aka shafe Lahadi 3 ana kwafe sunayen masu bashi. Abokin ya kafa ma ɗan Elhaji doka: kowace Alhamis a kwafe lissafin cikin kile, kile kuma ya kwana a gida cikin akwatin Hajiya, domin gobarar kasuwa ba ta tambayar zubin na'ura. Kwana 10 bayan haka waya ta yi ƙara a buro ana tsakiyar taro. Elhaji ne, rai a ɓace, wai abin da aka zaɓa mashi ya mutu. Abokin ya hau babur cikin rana ya iso, ya tarar yaron shago ya zare ondilar ya jona fanka a wurinsa.