Janyewar Kamfanoni da Rufe Zaurukan Kallo a Wuraren Shaƙatawa: Misali daga EPCOT

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilan da kan sa a rufe zauren kallo a manyan wuraren shaƙatawa bayan kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa ya janye. Za a kafa hujja da EPCOT, wato dandalin da kamfanin Disney ya buɗe a jihar Florida ta Amurka ranar 1 ga Oktoba, 1982.

2.0 Tsarin Ɗaukar Nauyi

An gina manyan zaurukan kimiyya da fasaha na wannan dandali ne da taimakon kamfanoni. Exxon ya ɗauki zauren makamashi, General Motors kuma ya ɗauki na sufuri. Kamfani yakan biya wani kaso na kuɗin gini da na kula da wurin, shi kuma ya sami damar liƙa sunansa inda miliyoyin baƙi za su gani. Galibi akan ƙulla yarjejeniyar ne ta shekara 10, daga nan a sabunta ko a rabu.

3.0 Dalilan Rufewa

Dalili na farko shi ne tsadar kulawa. Mai ziyara yakan sayi tikitin shiga dandalin ne gaba ɗaya, saboda haka zaure ɗaya ba shi da kuɗin shiga na kansa, alhali kuwa injunansa da mutum-mutumin da ke motsi a cikinsa suna buƙatar gyara kullum, ga kuma albashin ma'aikata. Da zarar kamfani ya janye, duk wannan ɗawainiya sai ta koma wuyan mai dandali.

Dalili na biyu, wanda ya fi na farko ƙarfi, shi ne saurin tsufa. Zauren da ke nuna yadda rayuwar gobe za ta kasance ba ya daɗewa zamani ya tarar da shi, kuma a al'ada lokacin sabunta yarjejeniya ne akan zuba kuɗin yi masa kwaskwarima. Horizons, wanda aka buɗe a 1983 da tallafin General Electric, ya rasa wannan tallafi a 1993. An rufe shi a 1994, aka sake buɗewa a 1995, sa'annan aka rufe shi baki ɗaya a Janairun 1999. Haka nan zauren kiwon lafiya na Wonders of Life, wanda kamfanin inshora na MetLife ya tallafa wa daga 1989 zuwa 2001, ya koma aiki a lokutan cunkoso kawai, kafin a rufe shi a farkon 2007.

Dalili na uku shi ne darajar fili. An rushe Horizons aka gina Mission: SPACE a gurbinsa, aka buɗe shi a 2003 da tallafin kamfanin HP. Zauren makamashi kuwa ya ci gaba da aiki bayan janyewar ExxonMobil a 2004 har zuwa 2017, kana aka mai da wurin sabon wasa da aka gina kan finafinan Guardians of the Galaxy, mallakar Disney, wanda aka buɗe a 2022.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa janyewar kamfani ba ita kaɗai ke kashe zaure ba, domin Spaceship Earth ya ci gaba da karɓar baƙi bayan Siemens ya janye a 2017. Abin da janyewar ke yi shi ne tilasta wa mai dandali ya auna ko zauren na jawo jama'ar da za ta sa ya cancanci a kashe masa kuɗi. Wanda ke da farin jini yakan tsira, wanda kuwa tallafi ne kawai ke riƙe da shi, ƙarshensa rufewa. Dama Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.