Kiwon Mesa A Cikin Gida: Yadda Ake Ɗaukarta Da Yadda Ake Sakinta Ta Zaga

A ƙasar Hausa in aka ce maciji ya shigo gida, abin da kan biyo baya shi ne kururuwa da neman sanda. Ba kuwa wanda zai ga laifin jama'a, domin kububuwa da kumurci da kasa sun jefa gidaje da yawa cikin makoki, har ta kai asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna wajen jinyar waɗanda maciji ya sara. In banda gardawa, waɗanda wasa da shi sana'arsu ce, da wuya a sami mai ajiye maciji da gangan. Amma a Amurka da Kanada da Ingila da Jamus akwai dubban mutane da kan sayi maciji da kuɗinsu, su yi masa keji a ɗaki, su ciyar da shi, har su riƙa fito da shi yana zaga gida kamar kyanwa.

Galibin macizan da suke kiwo marasa dafi ne, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi farin jini wurinsu daga Afirka ta Yamma take, watau wata ƙaramar mesa da kan dunƙule kamar ƙwallo in ta tsorata. Daga Gana da Togo da Binin aka fi fitar da ita, a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji, wadda ta fara aiki cikin 1975. Ita wannan da wuya tsawonta ya wuce mita ɗaya da rabi, don haka riƙonta ba wani abin tashin hankali ba ne. Inda maganar take shi ne wajen manyan: mesar Bama, da mesa mai zanen raga ta Indonesiya da Malesiya, da mesar Afirka irin wadda mafarauta suka sani a dazuzzukan ƙasar nan. Mutum kan sayi 'yar mesar Bama tana ɗan abin da bai fi kamu biyu ko uku ba, in tana samun abinci sosai kafin shekara ta zagayo ta kai mita biyu, in ta gama girma ta kai huɗu ko biyar. Cikin 2011 an auna wata mesa mai zanen raga a birnin Kansas na Amurka, aka sami mita 7.67. Ga shi kuwa sukan yi shekara ashirin ko fiye a duniya, watau wanda ya saya yana ɗalibi zai iya aurar da 'yarsa mesar tana nan.

Abin da ƙwararrun masu kiwo kan fara koya wa sabon shiga shi ne mesa ba ta san ubangida ba irin yadda kare ko doki ya san nasa. Sabo take yi. In ana ɗaukarta a kai a kai ba tare da an cuce ta ba, sai ta daina ɗaukar hannun mutum a matsayin abin tsoro, iyakar amanar ke nan. Ba ta da kunne a waje, ganinta kuma ba mai nisa ba ne. Da harshe take sansano duniya: ta zaro shi ta kwaso ƙamshin da ke cikin iska, ta mai da shi wata gaɓa da ke dasashinta na sama wadda ke tantance mata ko mene ne. Har wa yau akwai 'yan ramuka a leɓɓanta da ke gane ɗumin jikin dabba ko da cikin duhu ne. Saboda haka duk sa'ad da aka buɗe ƙofar keji, abin da take so ta sani ɗaya ne: abinci ne ya zo ko kuwa? In hannu mai ɗumi ya shigo yana warin zomo ko ɓera, to ta sami amsa, kuma ba za ta tsaya duba fuskar mai hannun ba.

Wannan ne dalilin da ya sa masu kiwo ke wanke hannu da sabulu kafin su taɓa ta, suke miƙa mata abinci da dogon awartaki, suke kuma ajiye wata sanda mai ƙugiya a baka. Duk ranar da za a ɗauke ta, sai a fara shafa mata sandar a hankali a ka ko a jiki. Ranar ciyarwa kuwa ba a taɓa ta da ita sam. A kwana a tashi sai ta gane cewa sanda na nufin yau babu abinci. Akwai kuma lokutan da ake ƙyale ta kurum. In ta ci, akan ba ta aƙalla kwana biyu, har fiye in abin da ta haɗiye babba ne, domin jujjuya ta da cikakken ciki kan sa ta amayar da shi, wannan kuwa yana galabaitar da ita ƙwarai. Haka nan in za ta yi saɓa. Maciji ba shi da fatar ido, wani siririn ɓawo ne garau ya rufe idon, kuma gab da saɓa sai ya yi hazo kamar an ɗiga masa madara. A kwanakin nan kusan makauniya ce, ga saurin fushi.

Wajen ɗauka, ba a zuwa mata ta sama, gama daga sama shaho da sauran maƙiyanta kan kawo mata hari tun tana ƙarama. Ta gefe ake zuwa, a tallabo ta wajen tsakiyar jiki da hannu biyu, a raba nauyinta a kan damatsa, a bar ta ta riƙa sulalewa daga wannan hannu zuwa wancan. Ba a damƙe kai, ba a kuma ɗaga ta ta wutsiya, don nauyin jikinta na iya ji wa ƙashin bayanta rauni.

Hoton nan da aka saba gani na mutum ya rataya mesa a wuya yana murmushi, shi ne abin da masana suka fi hanawa. Ba sai ta yi niyyar kisa ba. Dabba ce mai tsoron faɗuwa, in ta ji tana zamewa sai ta ƙanƙame abin da take kai kamar reshen itace, ba ta san bambancin reshe da wuya ba. An daɗe ana zaton irin waɗannan macizai numfashi suke tsayar wa dabba har ta mutu, sai cikin 2015 masu bincike a Kwalejin Dickinson ta Jihar Pensilbaniya suka gwada da ɓerayen da aka yi wa allurar barci da wani maciji mai naɗewa na Kudancin Amurka, suka tarar gudun jini ne ke fara yankewa, cikin 'yan daƙiƙoƙi kuwa. Wanda aka matse wa jijiyoyin wuya yana iya suma kafin ya buɗe baki ya nemi taimako. Daga nan ne ƙa'idar da masu kiwo suka fi riƙewa ta samo tushe: mesar da ta wuce ƙafa takwas, watau wajen mita biyu da rabi, ba a buɗe kejinta sai da wani baligi a tsaye kusa, ko da ruwa kawai za a sake mata, kuma gwargwadon ƙaruwar tsawonta gwargwadon yawan masu riƙo. In tsautsayi ya sa ta naɗe mutum, ta wutsiya ake fara warware ta. In ta kama da baki ba a fizgewa, saboda haƙoranta sun lanƙwasa ne zuwa ciki, fizga sai ta yaga nama. Akan kwara mata ruwan sanyi a ka ko a ɗiga mata sifirit a baki har ta saki da kanta.

To me ya sa ake fito da ita tun farko? Domin kejin gida da wuya ya kai tsawonta, mesar da ke kwance a naɗe wata da watanni tana cin zomaye kuwa sai ƙiba da raunin jiki. Likitocin dabbobi da yawa na ganin ya kamata maciji ya sami inda zai miƙe iyakar tsawonsa, ya hau, ya sansana sabon wuri. Sai dai ba gida duka ake sakar mata ba. Ɗaki ɗaya ake keɓewa, kuma mai kiwon kirki yakan durƙusa ya bi bango da ido kamar mai neman allura, yana toshe ƙarƙashin ƙofa, da inda famfo ya ratsa bango, da kafar shan iska, da tagar da ba ta kulluwa. Mutane sukan raina ƙarfinta da iya matse jikinta. Kafar da ido ya ce ba za ta wuce ba, sau da yawa ta wuce. Kujerar kushin tarko ce, domin in ta shige cikin wayoyinta sai an farke kujerar. Bayan firji na jan ta saboda ɗumin injin. Na'urar ɗumama ɗaki kuwa ta fi haɗari, gama maciji kan kwanta a kan abu mai zafi har ya ƙone bai janye ba. Kayan fashewa a kan kanta ma sai an kwashe, don da jiki ɗaya za ta share su.

Akwai kuma batun sanyi. Jikin maciji ba ya samar wa kansa ɗumi, da na wurin da yake ya dogara, su kuma waɗannan na ƙasashe masu zafi suna son abin da ya kama daga digiri 27 zuwa 32. Daɓen ɗaki a hunturun Turai yana iya jawo mata ciwon huhu, shi ya sa ba a cika barin ta ta wuce rabin sa'a a waje ba. Akan ajiye mata kwali ko akwatin da za ta ɓuya, da kututture, da bahon ruwa. Kare da kyanwa da tsuntsu, balle yara, duk a fitar da su a kulle ƙofa, mai ita kuma ba ya fita ko da sallama ake yi masa. In an gama a wanke daɓe da hannuwa, saboda macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zazzaɓi da gudawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ma shawararta ita ce kada a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar.

Kisan mutum da mesar gida kan yi abu ne da ba safai yake faruwa ba, amma waɗanda suka faru sun isa abin dubawa. Cikin watan Yuli na 2009 a Jihar Filorida, wata mesar Bama mai tsawon ƙafa takwas da rabi ta fita da dare ta kashe yarinya 'yar shekara biyu a gadonta. Kotu ta ji cewa kejin ba shi da murfin kirki, bargo aka lulluɓa, mesar kuma ta rame don yunwa. An ɗaure uwar yarinyar da abokin zamanta shekara 12 kowannensu cikin 2011. Sa'an nan cikin Agusta na 2013, a garin Kambelton na Kanada, wasu yara biyu wa da ƙane, ɗan shekara shida da ɗan shekara huɗu, sun je kwana wani gida da ke saman kantin sayar da dabbobi. Wata mesar Afirka mai tsawon kusan mita huɗu ta bi ta bututun shan iska wanda murfinsa ya cire, ta faɗo ɗakin da suke barci, ta kashe su. A shari'ar an ba da shaida cewa an ɗauka bututun ya yi mata kaɗan, an kuma ji cewa yaran sun yini suna wasa da dabbobi a wata gona. Kotu ta sallami mai mesar cikin 2016.

Wata ɓarnar kuma daji take shafa. Macizan da suka kuɓuce, da waɗanda masu su suka gaji suka kai su jeji suka zubar, sun hayayyafa a babbar fadamar Ebagiles ta kudancin Filorida, har wani bincike da aka buga cikin 2012 ya nuna wasu ƙananan namun dajin wurin sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. A shekarar ne gwamnatin Amurka ta hana shigo da mesar Bama da ta Afirka, cikin 2015 ta ƙara da mai zanen raga. A Ingila kuwa dokar namun daji masu haɗari ta 1976 ta fi kula ne da macizai masu dafi, ba ta neman lasin daga mai ajiye mesa komai girmanta. Ita Jihar Filorida tun 2006 ta buɗe wata hanya ga wanda dabbarsa ta fi ƙarfinsa: ya kawo ta ya miƙa wa hukuma ba tara ba tuhuma, a nema mata wani mai kiwon da aka tantance.