Ko Ka Sani? Sarƙa Ta Uku a Cikin Injin Babur

Ko ka san akwai baburan da ke ɗauke da sarƙa uku, alhali galibin mahaya biyu kaɗai suka sani, watau ta baya wadda ke juya taya, da ta taimin wadda ke buɗe bawul ta rufe shi a kan ƙa'ida? Ta ukun tana can ƙasan inji a ɓoye, tana iyo cikin baƙin mai, ba ta tura babur gaba ko taku ɗaya, babban aikinta shi ne ta hana inji jijjiga mahayinsa har hannuwa su yi sanyi a kan kambun. Ba a cika samunta a ƙananan baburan haya da muka saba gani ba, sai a manya, kuma wanda labarin sarƙarsa ya fi shahara shi ne Kawasaki KLR650, ƙirar Japan, wanda ya fito a 1987, ya kuwa sami karɓuwa ƙwarai wurin matafiya na Amurka saboda juriyarsa.

Sababin wannan sarƙa yana ga fistan. Babur ɗin nan fistan ɗaya tak gare shi, mai faɗin milimita 100, yana hawa yana sauka tsawon milimita 83, kuma tun da yake tilas ne ya tsaya cik a ƙarshen kowace hawa da kowace sauka kafin ya juyo, to idan inji yana zagaye 4,000 a minti, ƙarfen nan ya tsaya ke nan sau 8,000, kowace tsayawa kuwa tamkar saukar taɓarya ce a cikin turmi. Hikimar da wani injiniya Bature, Frederick Lanchester na Ingila, ya ɓullo da ita tun farkon ƙarni na 20 ita ce a sa wa nauyi kishiya, watau sanda mai ɗauke da dunƙulen ƙarfe a gefe guda, tana juyawa ta yadda fizgarta za ta saɓa wa fizgar fistan, kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa kamar yadda duwatsun awo ke tsayar da mizani. A KLR650 irin waɗannan sanduna biyu ne, sarƙa ɗaya ke jan su, kuma lalle ne kowace ta zauna daidai a kan alamar da aka yi mata, domin in sarƙa ta tsallake haƙori, maganin ya koma cuta. Bugu da ƙari, sandar gaba ita ke juya famfon ruwan da ke sanyaya inji.

To, sarƙa kowace iri ce, yau da gobe sai ta saki. Saboda haka maƙeran suka sa wani faifai mai haƙora wanda ke danne ta, suka haɗa shi da wani ɗan ƙarfe mai siffar lauje, da sifirin mai jan sa, da noti guda mai riƙe shi. Gyaran kuwa ba ya bukatar bakanike. Za ka kashe inji, ka tsayar da babur a miƙe, ka durƙusa ta gefen hagu, can ƙasa za ka ga wani ɗan murfin roba, ka ɓamɓare shi, sai ga kan noti na sifana mai lamba 8. Ka sassauta shi kamar zagaye ɗaya, kada ka zarce, ka ɗan ƙwanƙwasa jikin inji da guduma ta roba domin abin da ya maƙale ya motsa, sifirin ya janye sakin da kansa, sa'an nan ka ɗaure notin cikin lalama, gama ƙarami ne, kuma abin da yake dannewa ba ya son ƙarfin tuwo. Mutane da yawa sukan haɗa wannan da canjin mai don kada su manta.

Amma a nan ne nake son mai karatu ya nutsu, domin dukan wannan aiki an gina shi ne bisa zaton cewa abin da ba ka gani yana nan lafiya. A ƙirar farko, wadda aka yi ta yi har 2007, ɗan laujen nan haɗin walda ne, kuma masu babur da dama sun buɗe injinsu sun tarar ya tsage, ko kuma sifirin ya karye, guntayensu na kwance a gindin inji cikin mai. Wanda ya sassauta noti a irin wannan hali, maimakon ya ɗaure sarƙa sai ya ƙara sake ta, yana kyautata zaton ya yi gyara, alhali ya buɗe ƙofar ɓarna. Amurkawa suna kiran ƙarfen nan duhiki, kalmar da suke faɗa wa abin da sunansa ya kwanta musu, kamar yadda mu kan ce abin nan, har sunan ya bi shi. A 2008 kamfanin ya sake ƙirarsa da mai ƙwari, ko da yake ƙorafi a kan sifirin bai ƙare ba, kuma tun kafin haka wasu ƙananan maƙera a Amurka suna sassaƙa nasu daga ƙarfe guda ba walda, suna sayarwa.

A ganina, wanda ya sayi tsohon babur irin wannan bai san tarihinsa ba, abin da ya wajaba a kansa shi ne ya ɗage taɓa notin har sai ya tsiyaye mai, ya cire murfin hagu, ya tabbatar da idonsa cewa sifirin yana ja. In kuwa canjin ɗan laujen ko sifirin ya kama, sai an zare faifan maganaɗisu, wanda ba ya fita sai da marikinsa da abin zaronsa na musamman, kuma a tanadi sabon gaskit da sabon notin faifan tun kafin a fara kwancewa.