Jirgin wasan da ba ya da inji: Me ke tuƙa shi?

Duk manomin da ya taɓa ba gona ruwa a ƙauyukan Hausawa na Kamlin ya san ruwa ba ya hawan tudu. A kan wannan ƙa'ida aka tsara noman Jazira bayan kammala madatsar Sinnar a 1925: a tare Shuɗin Nilu, ruwa ya yi sama, sannan ya gangaro magudanai da kansa. To, ƙarfin janyowar ƙasa da ke tura wannan ruwa, shi ne dai ke tuƙa jirgin wasan nan mai hawa da gangara da ake gani a manyan wuraren shaƙatawa.

Yawancin irin waɗannan jirage ba su da inji. Sarƙa ce ke jan taragun zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan sai a sake su. Duk abin da ke faɗowa, gudunsa na ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a kowane daƙiƙa. Saboda haka jirgin da ya gangaro daga tsayin mita 20 yakan iso ƙasa da gudun kusan kilomita 70 a awa. Da wannan gudu yake hawa tudu na gaba, wanda dole ya gaza na farko tsayi, domin gogayyar ƙafafu da iska suna cin wani kaso na ƙarfin.

Abin da ke sa fasinja ihu kuwa shi ne sauyin gudun da juyawar hanya. A gindin gangara kujera kan danno shi sama, har mai nauyin kilo 60 ya ji kamar ya kai 180. A kan tudu kuma sai ya ji cikinsa ya tashi, kamar yaron da lilon Sallah ya kai ƙarshen tashinsa.

A nan haɗarin yake. Idan dannawar ta yi yawa ko ta daɗe, jini kan sauka daga kai zuwa ƙafafu, mutum ya ga duhu ko ya suma. Shi ya sa injiniya Werner Stengel na Jamus ya tsara da'irar jirgin Revolution, da aka buɗe a Amurka a 1976, da siffar ɗigon ruwa maimakon zobe, don rage wannan nauyi. Kuma shi ya sa ake hana masu ciwon zuciya da mata masu juna biyu hawa.