Sanyin Dutse Ba Na Turawa Kaɗai Ba Ne

Wani yayi ya shigo wa samarin ƙasar Yauri, musamman ɗalibai da 'yan ƙungiyoyin unguwa. A yi karo-karo, a ɗauki shatar mota, a nufi tsauni, a kwana a tanti, a dawo da hotunan da za a baza a Facebook da TikTok. Wasu duwatsun Shere na Jos suke nufa, masu ɗan ƙarfin aljihu kuwa har Mambila a Jihar Taraba. Ba ni da ja da wannan, ganin ƙasa ilmi ne, kuma ya fi zaman majalisa ana cin naman mutane. Abin da ya ishe ni shi ne irin shigar da ake tafiya da ita a tsakiyar damina: wandon jins, 'yar shara, silifas, sai jaka cike da caja da lasifika. Idan ka yi magana a ce maka, "Haba Malam, sanyin Najeriya ne fa, ba Rasha za mu ba." Wannan magana ce nake son mu tsaya a kanta, domin tana iya sa a dawo da gawa.

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35, mutum ya shiga abin da likitoci ke kira haifotamiya, wato jiki yana zubar da zafinsa fiye da yadda yake samar da shi. Ƙasa da 32 hankali ya fara gushewa, ƙasa da 28 zuciya na iya tsayawa.

Masu cewa sanyin ƙasarmu ba ya kisa sun ɗauka sai an ga ƙanƙara tana zuba kafin a ji tsoro. Ba haka abin yake ba. Duk mita 1,000 da ka hau sama, zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Mu nan Yelwa da Birnin Yauri da Wara da Shanga a kwari muke, bakin Kogin Kwara da Tafkin Kainji, inda a watan Maris da Afrilu ma'auni kan haura 40. Tudun Mambila kuwa ya kai kimanin mita 1,600, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, Chappal Waddi da ke Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ka yi lissafi da kanka. Ranar da ake digiri 30 a kasuwar Yelwa, saman Chappal Waddi bai fi 15 ko 16 ba, kuma da rana tsaka ke nan. Idan dare ya yi, ya ƙara sauka.

To, digiri 16 ai ba komai ba ne, in ji wani. Gaskiya ne, idan kana bushe, kana ɗaki, cikinka a ƙoshe. Matsalar tana farawa ne lokacin da ruwa ya same ka a fili. Ruwa na janye zafi daga jiki fiye da iska har ninki 25. Sannan iska ta kan dutse ba ta da shamaki, tana bugun rigar da ta jiƙe, ruwan yana tashi yana tafiya da zafin jikinka. Dubi randa a tsakar gida: zufar da take yi a bayanta, iska na busar da ita, shi ke sanyaya ruwan ciki ko da ana ƙwallar rana. Mutumin da ke sanye da jiƙaƙƙen jins a kan tsauni randa ya zama, sai dai shi jininsa ne ke sanyi. Ga gajiyar hawa, ga yunwa, domin abincin da ke ciki shi ne makamashin da jiki ke ƙonawa ya ɗumama kansa. Jiƙa, iska, gajiya da yunwa, idan suka haɗu, ba a bukatar ƙanƙara.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A watan Yuli na 2009, tsakiyar lokacin zafi a Japan, wani ayari na mutum 18 ya hau Dutsen Tomuraushi, wanda tsawonsa mita 2,141 ne, bai kai Chappal Waddi ba. Ruwa da iska suka tare su, 8 daga cikinsu suka mutu saboda sanyi. Idan ka ce ai yawancinsu dattawa ne, to ga na masu ƙarfi. Ranar 22 ga Mayu, 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka fita tseren kilomita 100 a kan duwatsu, da yawansu sanye da gajeren wando da riga mara nauyi. Yanayi ya juya da rana, ruwa da ƙanƙarar ruwa da iska mai ƙarfi suka sauko, 21 suka rasu, cikinsu har da zakarun gudu na ƙasar. Wani makiyayi ne ya ceci shida, ya shigar da su kogo ya hura musu wuta. Kai da ba ka taɓa gudun kilomita biyar ba, da me ka fi su? Kuma kada ka ce wannan can ne nesa da mu. Kilimanjaro yana Tanzaniya, dab da tsakiyar duniya inda rana ta fi zafi, amma sanyi ya kashe 'yan dakon da ke ɗaukar wa baƙi kaya, 'yan ƙasa, baƙar fata irinmu. Jiki bai san sunan ƙasa ba, bai kuma san launin fata ba.

Abin mamaki, mu da muke bakin ruwa ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Tambayi Basarke ko Bagunge da ya taɓa kwana a tafki hadari ya same shi cikin jirgi, ya gaya maka yadda hannu ke ƙin riƙe filafili, haƙora na haɗuwa, ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum idan an iso gaɓa. Shi ya sa masunta ba sa rabuwa da leda da busasshen mayafi. Wannan fa a kwarin Kainji ke nan, mai zafi. Ina ga saman tsauni? Je ka Nguroje ko Gembu ka ga makiyayan wurin da takalman roba da manyan riguna da barguna. Su da aka haifa a can ba su raina sanyin ba, sai kai baƙo?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke fassara alamomin. Mutum ya fara makyarkyata, sai a ce zazzaɓin sauro ne ya tashi, a ba shi farasitamol, a bar shi kwance da jiƙaƙƙun kaya. Can sai ya fara tuntuɓe, hannu ya kasa ɗaure igiyar takalmi, magana ta riƙa sarƙewa, ya yi ta surutai ko ya hau faɗa ba dalili. Daga nan makyarkyatar ta tsaya, a ce alhamdulillahi ya samu sauƙi, alhali jiki ne ya gaji da kokawa. Wasu ma a wannan mataki sukan fara tuɓe kaya suna cewa zafi suke ji, domin ƙwaƙwalwa ta rikice. Nan take wani zai ce, "Mutanen dutse ne suka taɓa shi." Sai a zagaye shi ana tofi, shi kuwa yana kwance a ƙasa mai sanyi, rigar na ɗiga. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Ba wanda ya hana addu'a, amma bakin da ke addu'a ba shi ke cire riga ba. A yi addu'ar, hannu kuma yana aiki.

Sai batun gawayi. Kada a kuskura a shigar da kaskon wuta, ko risho, ko murhun gas cikin tanti a zuge ƙofa. Gawayi na fitar da wata guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai take fara sawa, sai barci, daga barcin sai lahira. Irin gubar da ke hallaka iyali idan an kwana da janareta a cikin gida ce. Wuta waje, girki waje. Haka masu cewa a kurɓi giya ko a haɗiyi tiramadol don jiki ya ɗumama: bayan haramci, giya buɗe jijiyoyin fata take yi, ka ji ɗumi na ƙarya, zafin ciki kuwa yana tsiyayewa. Ƙwaya kuma ɗauke maka jin gargaɗin jikinka take yi.

Wanda ya ɗaura niyyar tafiya, ga abin da ya wajaba a kansa. Ya fara da zaɓen lokaci: ruwan Mambila yakan ɗauki kusan daga Afrilu zuwa Oktoba, mai son sauƙi ya jira rani. Ya bar jins da shadda da duk kayan auduga a gida ko a ƙasan jaka, domin auduga na shan ruwa ta riƙe. Rigar ƙwallo ta fi, saboda tana bushewa da wuri. A kanta a ɗora suwaita ta ulu, a saman duka rigar ruwa mai hula. Duk waɗannan akwai su a wurin 'yan gwanjo, kuɗinsu bai kai na datar wata ɗaya ba ga wasunku. A nemi hular sanyi, safa ƙafa uku, da takalmi rufaffe mai kama ƙasa. Kaya cikakku guda, da bargo, a ɗaure su cikin leda biyu, ba a taɓa su sai an shiga tanti. Da safe a mayar da jiƙaƙƙun a jiki a ci gaba da tafiya, busassun na kwana ne. Wanda ya jiƙa duka biyu ya kashe kansa da hannunsa.

A gwada tanti a gida, a watsa masa ruwa a ga ko yana yoyo. A kafa shi kan ɗan tudu, nesa da rafi, tun kafin la'asar ta yi sanyi. Kada a kwanta a ƙasa tsirara: leda, sannan tabarma ko katifar soso ko busasshiyar ciyawa, domin ƙasa ta fi iska satar zafi da dare. Guzuri ya zama wanda ba sai an dafa ba: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, garin kwaki da sukari, a riƙa ci kaɗan-kaɗan ana tafiya. Fulas na shayi ya fi lasifika amfani. Ashana ta shiga leda, tocila ta samu batir na biyu.

Tafiyar ayari kuma tana da doka. A naɗa shugaba ɗaya da ake jin maganarsa. A ɗauki ɗan jagora na wurin, masu nufin Gashaka-Gumti su bi ta ofishin gandun da ke Serti. Mafi rauni shi ke gaba, wani mai ƙarfi a baya, ana ƙirga kawuna duk inda aka tsaya. Wanda ya yi shiru cikin masu surutu, shi za a fara dubawa. A sa lokacin juyawa tun daga ƙasa, idan ya cika a juya ko da ana hango ƙololuwa. Kuɗin mota da aka kashe ba hujja ba ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A kuma bar wa na gida sunayen matafiya da ranar dawowa, tunda waya ba ta kamawa a wurare da yawa.

Idan sanyi ya kama wani, a kai shi inda iska ba ta bugu, a cire jiƙaƙƙun kaya, a shimfiɗa masa wani abu, a lulluɓe shi har kai. Ƙirji da hammata ake fara ɗumamawa, da gorar ruwan ɗumi naɗe cikin tsumma, ko ɗan'uwansa ya shiga bargon tare da shi. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a jijjiga shi, domin zuciyar da ta yi sanyi ba ta son girgiza. Idan yana cikin hankalinsa a ba shi shayi mai sukari, idan ba ya gane mutane kada a ɗura masa komai. A sauko da shi a kwance zuwa asibiti. Kuma kada a yi gaggawar cewa ya cika: bugun zuciyar mai wannan hali yakan yi rauni har a kasa jinsa, likita ne zai yanke hukunci bayan an ɗumama shi.

Mai tsoron alwala ko wanka da ruwan ƙanƙara ya sani addini bai matsa masa ba. Sahabi Amru ɗan Asi ya yi taimama a yaƙin Zatus Salasil saboda tsoron sanyi, Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba. A tambayi malamai sharuɗɗan kafin a tashi.

Akwai sauran haɗurra, tsawa, santsi, rafin da ke cika nan take, maciji, da rashin tsaro, wanda mu da muka ga yadda aka sace ɗalibai a Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021 ba ma bukatar a yi mana bayaninsa.

Iyaye, idan yaro ya zo neman kuɗin tafiya, ku ce ya buɗe jakar a gabanku. Malamai da shugabannin ƙungiya, 'ya'yan mutane amana ne, za a tambaye ku. Duk wanda ya iso tasha ba rigar ruwa, ba suwaita, ba busassun kaya a leda, a mayar masa da kuɗinsa ya koma gida, ko da ɗan wane ne. Fushinsa na kwana biyu ne. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku cikakku.